Baƙar Ƙasar da Baba Ya Kawo wa Jikarsa

Daga Adimin: Wata 'yar'uwa ce ta turo mana wannan, ta roƙi a sakaya sunanta. A karanta har ƙarshe kafin a yi magana, kuma a tausasa harshe.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe a cikinku ina karanta matsalolin mutane, wani lokaci har nakan tsoma baki kamar wadda ta gama sanin duniya, yau ga shi layi ya zo kaina. Don girman Allah ku taimake ni da shawara, musamman malaman gona da ma'aikatan lafiya in akwai su a nan, da duk wanda yake da tsoho a gida da ba ya son ganin ɓacin ransa. Ku yi haƙuri labarin da ɗan tsawo, in na gutsure shi ba za ku gane inda ya ƙulle ba.

Ni malamar firamare ce a Kazaure, ina da aure da 'ya ɗaya, ta doshi shekara huɗu. Sunan marigayiya mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa muke kiranta Ummi. Mahaifina manomin lambu ne a wani ƙauye da ke hanyar Roni, gidanmu ne na ƙarshe ta wajen fadama, lambun kuma yana bayan katanga. A makaranta an san ni da baki, ko hedimasta sai ya shirya kafin ya tare ni da magana, amma a gaban Baba bakin nan mutuwa yake yi, kuma a kan haka nake neman taimakonku.

Sai na fara da ƙasar, don ita ce maganar. Lokacin da aka raba gadon kakanmu, Baba ne ƙarami kuma ba mai jayayya ba ne, sai aka tura masa wani fako, jan wuri mai tauri da ko akuya ba ta tsayawa a kai. 'Yan'uwansa har tsokanarsa suke yi wai ya samu filin shanya. Bai tanka musu ba. Ya nemi jaki ya ɗora masa mangala, ya riƙa shiga gari yana kwaso shara daga juji yana jibgewa a fakon nan, kamar yadda manoman wajenmu suka gada. Innarmu, wato mahaifiyata, ita ce mai tsincewa, ta zauna a gindin tarin tana fitar da kwalabe da ƙusoshi da tsummoki da hannunta, abin da ya ƙi ruɓewa a cinna masa wuta a baza tokar. Mu kuma yara aikinmu farautar batirin rediyo, mu fasa shi da dutse mu zaro baƙin sandan nan na ciki mu yi zane a bango, ni da shi na fara rubuta sunana tun kafin a sa ni a makaranta. Haka aka yi shekara da shekaru har jan fakon ya koma baƙar ƙasa mai laushi, in ka damƙa a hannu sai ka ji kamar dambu. Masu yi masa dariya su suka dawo suna roƙon iri a wajensa.

Da gari ya girma jakin kuma ya mutu, sai aka koma tifa. Baba ba kowace shara yake karɓa ba, yana da zaɓi, ya fi son ta bolar bayan gareji, inda masu cajin batir da masu gyaran rediyo da 'yan gwangwan suke watsar da tarkacensu suna ƙona waya. Wai ita ta riga ta ƙone, baƙa ce, tana da nauyi, kuma ledarta kaɗan ce. Alayyahun Baba kuwa sai wanda ya gani, ganye kamar tafin hannu, ga latas ga karas. Masu sayar da abinci daga gari suke zuwa ɗauka, har da matan kudu masu tuwo-tuwo da suke kiransa Baba Mai Ganye. Duk gidan da aka haihu a ƙauyenmu sai an ga dami ya shiga daga wajensa kyauta, wai mai jego ta mayar da jini.

Inna ta rasu da ciwon ƙoda ina da cikin Ummi. Daga nan Baba ya zube, ya daina fira, hawan jini ya kama shi, ya kan zauna a bakin rijiya da fartanya a hannu har rana ta take bai kafta ko sau ɗaya ba. Haihuwar Ummi ce ta dawo mana da shi. Kun san wasan kaka da jika, to Baba ya ɗauke shi da gaske kamar aikin gwamnati. Tun tana zanin goyo ya ce ya yi amarya, kuma duk Juma'a kafin masallaci sai ya hau ɗan acaɓa da buhu a cinya, ya yi sallama a ƙofar gidanmu da ƙarfi.

"Ina amaryata? A gaya mata maigida ya kawo cefane, kada a ce na gaza."

Maigidana, Abban Ummi, ya kan ce, "Baba ai sadakin ma ba ka gama biya ba."

"Kai dai surukin zamani ne, ba ka da kunya. Ba ni wuri in ga iyalina."

Kalmar farko da Ummi ta iya faɗa sosai bayan Mama ita ce Ango, da shi take kiransa. Ranakun da aiki ya yi mini yawa nakan kai ta ƙauye wajen matar Yayana, su suke zaune da Baba, ita kuwa da ta sauka sai lambu. Ta zauna a cikin fangali tana tuwon ƙasa, tana cusawa a baki, Baba na ban ruwa yana yi mata waƙa. In na yi ƙorafi sai ya ce ku ma haka kuka ci kuka girma, ga ki nan har kin fi ƙarfin hedimasta.

Bara ne yarinyar nan ta fara canzawa. Ta daina cin abinci, kullum hannu a ciki tana kuka, bayan gida ya zama yaƙi, tafin hannunta ya yi fari fat. Ga rigima, abu kaɗan ta faɗi tana birgima, ita da ba ta da hayaniya. Abin da ya fi tayar mini da hankali maganarta ce ta koma baya, kalmomin da ta riga ta iya suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, sai nuni da yatsa. Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane karatu, tawa ta kasa ce mini tana jin ƙishirwa. Mun sha maganin maleriya, mun sha na taifot, mun sha na tsutsar ciki, an yi rubutu an yi tofi. A ƙarshe aka ce jininta ne ya yi ƙasa. Da Baba ya ji haka sai ya ce ai wannan aikinsa ne, cefanen Juma'a ya ƙara da na Talata, ya ce a dafa alayyahun a tace ruwan a ba ta safe da yamma. Ni ma haka na sani tun tasowata, alayyahu na ƙara jini, don haka na riƙa matse ta a cinya ina ɗura mata tana tirjewa.

Da abin ya ƙi, aka tura mu wani asibiti a Kano. Wata likita ta daɗe tana duba ta, ta rubuta wani gwajin jini da ba a taɓa yi mana ba. Da sakamako ya fito ta zaunar da mu ta ce gubar dalma ce a jinin yarinyar. Na ce likita ai mu ba ma haƙar zinare, don ni a nan kaɗai na taɓa jin sunan. Ta ce ba sai an haƙa ba, ta shiga tambaya, kuna sa mata kwalli, da wace tukunya kuke girki, fentin ɗakinku na ɓarewa, akwai mai sana'ar batir a gidan. Ta ba da magani, ta ce a dage da ƙwai da madara da wake da hanta, kada a bar ta da yunwa don ciki in ba komai ya fi zuƙar gubar. Amma ta ce duk wannan ɓata lokaci ne in ba a gano inda take shiga ba aka toshe. Na tambaye ta ko maganar za ta dawo. Ta ce za a yi ƙoƙari, yara suna farfaɗowa, sai dai ba za ta yi mini alkawarin komai zai koma yadda yake ba. A motar dawowa zuciyata ta karye ƙwarai.

Na zubar da kwalli, na ajiye tukwanen ƙira na sayo wasu, aka kankare bango. Ana cikin haka wani abokin Abban Ummi, malamin gona ne da ke aiki a wajen Gwiwa, ya zo duba ta. Ya tarar da ni ina gyaran alayyahu, ya tambayi daga ina, na faɗa masa cike da alfahari, har da labarin jaki da tifa. Sai na ga yana ta juya ganyen. Ya ce Malama, ki samo mini ƙasar wurin da ganyen in kai a auna. Wallahi ranar na ji haushin mutumin nan, na ce a raina daga zuwa dubiya sai ƙazafi. Amma na tafi.

Na ce wa Baba wani malami ne yake son ganin irin ƙasar da ke fitar da wannan ganye. Ku zo ku ga murna. Ya ƙi bari in ɗiba da kaina, ya zagaya ya zaɓi inda ta fi baƙi, kusa da bishiyar lemon da Inna ta dasa, ya cika leda ya ƙulle.

"Ki ce su auna da kyau. In sun samu irinta daga nan har Babura, na yarda a karɓe mini amarya."

Sakamakon ya dawo. Akwai dalma a ƙasar fiye da yadda ya kamata a shuka abinci a kai, akwai ta a ganyen, akwai kuma wani ƙarfen da malamin ya kira kadmiyom, ya ce shi ma daga batir da ƙonannen tarkace yake fitowa, kuma ƙoda yake ci a hankali. Da ya ambaci ƙoda sai na ga hannun Inna a cikin tarin shara. Ban ce shi ne ya kashe ta ba, malamin ma ya ce ba wanda zai iya tabbatar da haka yanzu, kwananta ne ya ƙare. Amma ni da na ji na haɗa, kuma na san Baba ya fi ni saurin haɗawa.

Na tambayi malamin ko akwai maganin da za a fesa. Ya ce waɗannan ƙarafa ba sa ruɓewa kamar taki, suna nan, kwashe ƙasar gaba ɗaya kuwa ba aikin talaka ba ne. Abin da ake iyawa shi ne a ɗaure su a cikin ƙasar, a rage abin da shuka ke sha da abin da ke kaiwa bakin mutum. Na farko a daina kawo shara kwata-kwata, a koma takin dabbobi da ya ruɓe sosai, ya ce ga Fulani nan kewaye da mu, a shirya da su. A ƙona ɓuntun shinkafa ko karan dawa a rufe har ya zama gawayi ba toka ba, a daka a cuɗa da ƙasar, wai gawayin yana riƙe gubar ya hana ta bin saiwa. In an auna an ga ƙasar na da tsami a sa farar ƙasa, don tsami ne ke narkar da ƙarfen ya shiga ruwan da shuka ke sha, takin zamani na sufa ma yana taimakawa wajen kama dalma in an sa daidai. A shimfiɗa ciyawa ko kara a kan fangali saboda in ana ban ruwa kada ƙasa ta riƙa fantsama kan ganye, ya ce yawancin dalmar da ake ci ma a jikin ganyen take manne, shi ya sa wanki da ruwa mai yawa da feraye karas suke da amfani. Sai ya zo kan wanda ya fi zafi. Ya ce ganye da saiwa su suka fi ɗauka, abin da ke 'ya'ya kamar tumatir da kuɓewa da masara ya fi sauƙi, don haka alayyahu da latas da karas a daina su a wannan ƙasa. In dole sai an yi, a gina akwati da bulo a shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa a zubo sabuwar ƙasa daga wani wuri mai tsabta. Yara kuma kada su ƙara wasa a wurin. Ya ce ko an yi duk wannan ragewa aka yi ba kawarwa ba, sai an riƙa aunawa.

Da Baba ya tambaye ni sakamako, na ce masa malamai sun yaba ƙasar. Na roƙi malamin mu je tare ya faɗa wa Baba waɗannan a matsayin sabuwar dabarar noma, kada ya ambaci guba. Da ƙyar ya yarda. Baba ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya sa aka dama fura. Maganar gawayi ta ba shi dariya, ya ce yanzu kuma shayi za a dafa wa ƙasa, amma ya ce zai gwada. Shimfiɗa kara ma ya yarda, ya ce zai rage masa ban ruwa. Da aka zo kan shara fuskarsa ta canza.

"Malam, ba na raina iliminku. Amma wurin nan da kake zaune, da dutse ne. Ni da uwar yaran nan muka ɗauko ƙasar nan a bayan jaki. Abin da ya raya ta shi za ka ce in yaye ta daga gare shi?"

Malamin ya ce to ko alayyahun a huta da shi bana a gwada tumatir.

"Tumatir kowa na yi. Ni da ganye aka san ni. Kuma ina da marar lafiya a gari, likita ta ce jini take nema, in na daina me zan kai mata?"

Malamin ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. A hanya ya gaya mini gaskiya, ya ce Malama ba a gyara irin wannan a ɓoye, tsohon nan ba wawa ba ne, ba zai bar abin da ya yi shekaru yana yi ba sai ya san dalili. Ya ce kuma ba Ummi kaɗai ke ci ba, akwai masu jego akwai 'yan gari, shi ma akwai nauyi a wuyansa, in ba mu faɗa ba kafin a zuba sabon iri shi zai koma ya faɗa.

Daga nan gida ya rabu. Yaya, wanda ke zaune da Baba yana harkar awaki zuwa kasuwannin bakin iyaka, ya ce kada wanda ya kuskura ya faɗa wa Baba. Ya ce waye ya tabbatar ba kwallin da na riƙa zambaɗa mata ba ne, me ya sa nasa 'ya'yan suke garau, kuma in magana ta fita an gama da sunan Baba a ƙauye, za a ce shi ya riƙa raba wa masu jego guba. Ya ce mutumin da ake auna jininsa kowane mako, in ya faɗi a dalilin bakina in san abin da zan gaya wa Allah. Na ce ya kai nasa yaran a auna su tukuna kafin ya ce garau suke, ya ce ina yi musu fata, muka rabu ba daɗi, har yau matarsa ce kawai ke ɗaga wayata, ita kuma a ɓoye ta daina sa ganyen a miyarsu. Abban Ummi shi kuma ya ce ya gaji da rufa-rufa, yana girmama Baba kamar mahaifinsa amma 'yarsa ɗaya, in ni ba zan iya ba shi zai je. Na ce in suruki ne ya faɗa masa wannan magana, Baba ba zai ƙara taka gidanmu ba don kunya. Mutumin da tun aurenmu bai taɓa ɗaga mini murya ba, ranar sai da maƙwabta suka ji mu.

Tun daga lokacin ban ƙara kai Ummi ƙauye ba, kullum da ƙaryar da nake shiryawa, yau mura gobe allura. Cefane kuwa bai fasa zuwa ba. Ina karɓa da hannu biyu in yi godiya, in ya tafi in haƙa rami a bayan gida in binne, don ko akuya ban yarda in ba ta ba. Alhamdu lillahi an sake gwaji an ce gubar ta fara sauka, tana ɗan cin abinci, kumatu sun fara dawowa. Da Baba ya ga haka ya ɗaga ta sama ya ce kun gani ko, ganyen ango ya fi allurar Kano. Na yi dariya tare da shi, na shiga banɗaki na yi kuka. Wata Juma'ar yana saka takalmi zai tafi ya tsaya bai dube ni ba.

"Ko na yi wa amarya wani laifi ne aka hana ta zuwa gidanta?"

Na ce a'a Baba, hanya ce likita ta ce tana wahalar da ita. Ya gyaɗa kai ya ce Allah ya sawwaƙe.

Ashe maganar ya tafi da ita. Ranar Talatar nan na dawo daga makaranta na tarar da amalanke a ƙofar gida, shanu biyu suna tuƙa, Baba na cikin gida da babbar riga a naɗe a kafaɗa. Tun daga ƙauye ya biyo amalanken, mutumin da aka hana shi wahala. Ya riga ya gyara wani lungu kusa da randa, ya jera bulo, ya juye baƙar ƙasar nan a ciki ya baje ta da hannunsa. Ummi na tsugune a gefensa, da maƙwabciyar da nake bar mata ita tana ta sa masa albarka. Na fizge yarinyar da ƙarfin da ya sa ta fashe da kuka, na wayance da cewa ba ta yi wanka ba.

"Tunda hanya ce matsalar, na kawo mata lambun gida," in ji shi. "Daga gindin lemon uwarki na ɗebo, inda kika ce malamai sun yaba. Ko bayan raina ta riƙa tsinka da kanta. Ran Juma'a zan zo da iri, ita za ta zuba da hannunta."

Ya wanke hannu, ya ƙi tsayawa cin abinci wai shanun aro ne, ya tafi yana ɗingishi yana jin daɗi.

Na wanke ta tas, na rufe wurin da tamfol na danne da duwatsu. Kada wani ya ɓata lokacinsa yana ce mini in kwashe ƙasar, za a kwashe, Abban Ummi ya riga ya yi magana da mai kura gobe da safe, a kan 'yata ba na neman shawara. Abin da nake nema shi ne na ranar Juma'a, lokacin da Baba zai shigo ya tarar da bulo ba ƙasa. Ƙarya ta ƙare mini. In faɗa masa duka, ko in ce ƙasar ce kawai ta gaji da shara in ɓoye maganar jinin Ummi, alhali na san ba zai bar ganye ba sai ya ji ta? In ya tambaye ni Inna fa, me zan ce? In kira limamin ƙauyenmu da yake jin maganarsa, ko kuwa shigo da bare zai fi yi masa ciwo? In fara kai shi a duba jininsa a ba shi magani tukuna? Malaman gona, akwai wanda ya taɓa ganin an gyara irin wannan ƙasa da gawayi da takin dabbobi har mai ita ya ci gaba da zama a lambunsa, ko da tumatir ne da kuɓewa, don in samu abin da zan riƙa masa bayan na karya shi? In na gina masa akwatin da sabuwar ƙasa a can bayan katanga, anya mutumin da ya yi tasa ƙasar da hannunsa zai yarda ya shuka a ta aro?

Ɗazu da la'asar na fito na ga Ummi tsaye a bakin tamfol ɗin da ɗan kofinta cike da ruwa. Ta nuna wurin ta dube ni ta ce, "Ango, ruwa." Rabon da ta haɗa kalma biyu tun bara. Na rasa ko in yi murna ko in yi kuka, na karɓi kofin na ce bari Ango ya zo.

Zai zo, da irin a aljihu, kuma tun daga ƙofa zai fara kiran amaryarsa. Don Allah ku gaya mini da wace kalma zan fara.